Daga Zangon Sokode: Rumbunan da Ke Cikin Dutsen Nok

Wannan makon ba zancen farashin kaya na kawo muku ba, labarin wata tafiya ce da ɗana ya ja ni.

Hutun da ya wuce, yaron nan ɗan shekara 16 ya miƙo mini waya, wai in kalli Machu Picchu, tsohon birnin mutanen Inka da ke kan duwatsun ƙasar Peru, wanda aka gina wajen shekarar 1450. Turawa da jakunkuna goye a baya sai hawa suke yi. Ya ce, "Baba, mu ba mu da irin wannan ne?" Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna wani direba ya taɓa yi mini zancen kogunan Nok kusa da Dapango. Shekara ashirin ina bin hanyar nan don sayen kaya, ban taɓa ratsewa ba. Wallahi kunya ta kama ni.

Muka ɗaura aniya. Kowa da jakar goyonsa: ruwa, dabino, gari da ƙuli-ƙuli, tabarmar salla, da katin shaida. Kada ku yi wasa da takardu, domin a 2022 aka sanya yankin Savanes ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda matsalar tsaro, shingayen jami'ai kuma suna da yawa. Kafin mu tashi sai da na kira maigidanmu na zangon Dapango ya tabbatar mini hanya lafiya.

Daga Sokode muka bi babbar hanya, ta Bafilo, Kara da Kante, har Mango. A nan na ce wa yaron ya buɗe ido. Sansanin Mango zango ne na fataken goro da ke tasowa daga Kano su nufi Salaga a Gwanja, kakanninmu sun sha sauke jakuna a garin. Ya yi murmushi, ya ji daɗi.

Washegari da sassafe muka hau zemijan daga Dapango zuwa wajen Nano, muka ɗauki ɗan jagora, wani saurayi Bamobe. Ba Nok ta jihar Kaduna ba ce, suna ne kawai ya zo ɗaya. Hawan dutsen ya ba ni wuya, gwiwa ta fara ƙara, yaro kuwa sai tsalle yake kamar ɗan akuya. Da muka kai sama, sai ga wani tsani na ƙarfe manne da bangon dutse, wai ta nan ake sauka. Na leƙa ƙasa, na ce Innalillahi. Da ba don idon yaro ba, da na koma.

Abin da muka tarar ya biya wahalar. A cikin tsagar dutsen, rumbuna ne na laka da ciyawa jere reras, wasu sun fi mutum tsawo, wasu kamar manyan tuluna. A Nok kaɗai an ƙidaya 134, a Mamprug 113. An gina su tsakanin ƙarni na 17 da na 19, kuma tun shekarar 2000 suna cikin jerin wuraren da Togo ta miƙa wa UNESCO. Daga ƙasa ba ka ganin komai, amma na ciki yana hango duk mai tahowa daga nesa.

Ɗana ya tambayi jagoran me ya sa mutane za su kai hatsinsu wannan wuri mai haɗari. Ya ce tsoro ne. Idan mahayan Cakosi suka taso daga Mango neman haraji ko bayi, sai gari ya watse, mata da yara da tsofaffi su shige nan har ƙura ta lafa.

Yaron ya juyo ya dube ni. "Baba, Mangon da kakanninmu ke sauka?"

Na yi shiru. Da sauƙi in ce mu goro kawai muke saye. Amma kowa ya san kasuwar Salaga ba goro kaɗai ake sayarwa ba, har da mutane, kuma ayarin fatake na cikin masu saye. Na ce masa, "Ita ce, ɗana. Hanyar da ta yi wa wasu arziki, ita ta kori wasu cikin dutse." Jagoran bai ce komai ba, ya miƙo mini hannu ya taimake ni na hau tsanin.

Tun da muka dawo nake tunani. Muna zaune a ƙasar mutane, muna cin kasuwarsu, muna auren 'ya'yansu, amma tarihinsu ba mu san ko kaɗan ba. Wani ma har raini yake yi, yana ce musu mutanen daji. Mutanen da suka gina rumbun da ya shekara ɗaruruwa a jikin dutse ba abin rainawa ba ne.

Don haka, iyaye, idan hanya ta yi kyau, ku ware kwana ɗaya cikin tafiyar kasuwa ku kai yara. Ku je da rani, ku tashi da wuri, ku ɗauki jagora ɗan gari ku biya shi haƙƙinsa ba tare da ciniki ba, kada kuma a taɓa ko a ɗauko komai. In yaro ya yi tambaya mai nauyi, a gaya masa gaskiya.

Gwiwata dai har yau tana ciwo, uwargida na ta yi mini dariya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.