Kafin a Goge Kwamfuta, a Fara Gano Cutar

A makarantunmu, da zarar firinta ta ƙi buga takarda, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a goge kwamfutar baki ɗaya a sake ɗora mata Windows. A ganina wannan tamkar a yi wa majinyaci tiyata ne ba a auna jininsa ba. Tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai kan salwanta a irin wannan gaggawa.

Sau da yawa matsalar tana ga wata manhaja ta Windows mai suna Print Spooler. Aikinta shi ne ta karɓi duk abin da aka aika a buga, ta jera shi a layi, sannan ta riƙa miƙa wa firinta ɗaya bayan ɗaya. Idan ta ƙi tashi, ko sabuwar firinta ba za ta buga komai ba.

Mataki na farko, a buɗe services.msc a duba ko an kashe ta. A shekarar 2021 an gano wata kafar kutse a cikinta, wadda aka laƙaba wa suna PrintNightmare, har ma'aikatu da dama suka kashe ta da gangan. Idan haka ne, a sabunta Windows tukuna, sannan a mayar da ita kan Automatic.

Na biyu, a lura da lambar saƙon da kwamfuta ta nuna. Alal misali, lamba 1068 tana nufin wata manhajar da take dogaro da ita, irin su RPC, ita ce ba ta tashi ba.

Na uku, wani lalataccen fayil yana iya maƙalewa a layi. A tsayar da manhajar, a share abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, sannan a sake tayar da ita. Idan ta sake mutuwa, sai a zargi direban firintar, a cire shi a ɗora sabo daga kamfanin da ya ƙera ta.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma shi muke koyarwa a ɗakin gwaje-gwajen ilmin halittu: a canza abu ɗaya kawai, a gwada, a rubuta sakamako. Wanda ya canza abu uku a lokaci guda, ko firintar ta tashi, bai san abin da ya warkar da ita ba.

Saboda haka ina kira ga malamai, ranar da firintar makaranta ta ƙi aiki, su tara ɗalibai a gabanta su bi matakan nan tare.