Baƙon da ya shekara ashirin, har yau raɓa ne?

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, rana na fitowa sai ya gushe. Amma duk wanda ya san ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, ko ya ci kasuwar Babura, ya san akwai baƙon da ranaku dubbai suka fito suka same shi yana nan. Ya ƙetaro daga Magarya ko Damagaram da niyyar cin rani, ya kama ga-ruwa ko gadi ko ƙwadago a fadama, ya yi aure, ya haifu, 'ya'yansa na makaranta tare da ƙannenmu. A wurin unguwa ya zama ɗan gari. A wurin hukuma kuwa ba a san da shi ba.

Mu duba abin da doka ta ce. An kafa ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS, a Legas cikin 1975. A 1979 aka ƙulla yarjejeniyar zirga-zirga wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ikon shiga wata ba da biza ba har kwana 90. A 1986 aka ƙara da haƙƙin zama, amma sai mutum ya nemi katin zama daga Hukumar Shige da Fice. In kuwa yana son zama ɗan ƙasa, sashe na 27 na Tsarin Mulkin 1999 ya nemi ya yi shekara 15 a Nijeriya, ya kasance mai halin kirki, kuma gwamnan jiharsa ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi.

A takarda wannan ba laifi. To, amma da me ɗan ga-ruwa zai tabbatar da shekara 15? Ya shigo ta hanyar jakai, ba wanda ya buga masa hatimi. Wanda ya ɗauke shi aiki bai rubuta masa komai ba. Ma'aikacin babban kamfani da ya sauka a filin jirgin Kano yana da lauya da fayil, shekarunsa na ƙirguwa tun ranar farko. Talaka kuwa shekarunsa suna zuba kamar ruwa a rariya. Wato doka ɗaya ce, amma mai takarda kaɗai take gani.

Tarihi ya nuna mana inda wannan ke kai mutane. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, Hausawan zango da Yarabawa da yawa suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka. A Janairun 1983, da kuɗin mai ya karye, gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, wajen mutum miliyan biyu suka bar ƙasar. A 1985 aka sake yin wata korar. Kai, ko ɗan ƙasa bai tsira ba: a 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Jihar Barno, aka tsallakar da shi Cadi wai baƙo ne, sai da kotu ta mayar masa da haƙƙinsa. In an yi wa mai kujera haka, ina ga mai tura kurar ruwa?

Abin da ya sa maganar ta matsa yanzu shi ne Nijar ta fita daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu, 2025, tare da Mali da Burkina Faso. A lokacin ƙungiyar ta ce za a ci gaba da mutunta zirga-zirga da zaman mutanen ƙasashen nan har sai an sake shawara. Wannan alfarma ce, kuma alfarma tana iya sauyawa da sanarwa ɗaya. Mutanen Babura sun ɗanɗana rufe iyaka a 2019, sun sake ɗanɗanawa a 2023.

Mun san akwai masu cewa tsaro ya lalace, makamai na shigowa ta iyaka, ba lokacin sassauci ba ne. Gaskiya ne akwai haɗari. Amma mutumin da ke cikin rajista, aka san gidansa da sana'arsa da wanda ya tsaya masa, ya fi sauƙin sa ido a kan wanda tsoro ya sa yake ɓuya. Ɗan bindiga ba ya zuwa layin neman kati.

Saboda haka muna kira da abu uku. Na ɗaya, a karɓi shaidar mai unguwa da dagaci da hakimi a matsayin hujjar shekarun zama, tun da Tsarin Mulki kansa ya sa amincewar jama'a cikin sharuɗɗa. Na biyu, jami'an shige da fice su riƙa zama a hedkwatar ƙananan hukumomi ran kasuwa, da kuɗin da aka rubuta a allo kowa na gani, a ba da rasit. Na uku, Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971, ta tsara yarjejeniyar zama tsakanin ƙasashen biyu wadda ba ta rataya ga ECOWAS ba.

'Yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, gobe fayilolin nan a teburinmu za su sauka. Mu tuna cewa namu ma suna Maradi da Agadas da Kumasi da Kartum suna neman abinci, kuma yadda muka riƙe baƙo haka za a riƙe su. Allah ya ba mu ikon yin adalci.