Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Umaru Bago: Za Mu Yi Gudun, Amma Ina Yaran Za Su Kwana?

Mai girma Gwamnan Jihar Neja, Alhaji Mohammed Umaru Bago,

 

Ni mazaunin Dutsen Kura ne a nan Minna, kuma abin da idona ke gani kowace asuba ne ya hana ni yin shiru. Akwai mu 'yan unguwa, matasa da magidanta, da muka saba fita motsa jiki bayan an idar da salla. Mukan hau titin bai-fas mu nufi Kpakungu, mu juyo kafin rana ta ɗaga. A wannan lokacin gari bai farka ba, don haka muna ganin abin da ayarin motocinka ba ya gani: yara a kwance reras a barandar shaguna, a ƙarƙashin teburin mai shayi, a bayan motocin da suka kwana a tasha.

Wata safiya cikin hunturu na tsaya a kan ɗaya daga cikinsu. Bai fi shekara 9 ba. Ya cusa ƙafafunsa cikin tsohon buhun shinkafa, ya yi matashin kai da robar bararsa, dugadugansa duk faso. Na saya masa shayi da burodi, na tambaye shi garinsu. Ya ce daga wajen Shiroro suka taho, da dare, a ƙafa, ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu. Ya ce ya taɓa yin aji 2. Don in yarda, sai ya ɗora yatsa a jikin buhun nan yana karanto mini haruffan ɗaya bayan ɗaya. Ranka ya daɗe, mu muna gudu don lafiyar jiki, yaron nan ya riga mu gudu, nasa kuwa na ceton rai ne.

Wannan ya sa muka yanke shawarar shirya tseren kilomita 10 a cikin garin Minna, kowane mai gudu ya biya kuɗin shiga, ya kuma nemi 'yan uwa da abokan arziki su sa masa wani abu a kan kowace kilomita da ya ci, a tara kuɗin don karatun yaran da ba su da makwanci. Ba mu muka ƙirƙiro dabarar ba. Gudun fanfalaki na birnin Landan, mai kilomita 42 da ɗoriya, tun 1981 ake yin sa, kuma dubban masu shigarsa don tara wa mabuƙata kuɗi suke yi. Legas ma tana da nata tun 2016. Minna ba ta rasa ƙafafu ba, ba ta kuma rasa masu tausayi ba.

Sai dai akwai abin da ke ci mini rai, shi ne dalilin wannan wasiƙa. Mun riga mun gwada da ɗan abin da ke aljihunmu. Muka ɗinka wa yaron nan da wasu 'yan uwansa kayan makaranta, muka saya musu littattafai da takalma, wata makarantar firamare ta karɓe su hannu bibbiyu. Ba a yi zango guda ba suka watse. Wani an sace takalminsa yana barci. Wani ruwan sama ya jiƙe littattafansa a barandar da yake kwana, suka zama kamar dusa. Shi kuwa yaron nan nawa, malamarsa ta ce mini kullum barci yake yi a aji, domin da dare sai ya jira masu shago sun rufe, wajen ƙarfe 11, kafin ya sami inda zai miƙe, da asuba kuma a tashe shi. Yunwa ta mayar da shi bakin titi da robarsa. Ina zai ajiye jakarsa? Ina zai wanke rigarsa ya shanya? Ina zai kwana?

Kuɗin tsere zai sayi riga, zai sayi littafi. Ba zai gina ɗakin kwana ba, ba zai biya mai kula da yara da dare ba, ba zai dafa tuwo kwana 365 ba. Wannan nauyin gwamnati ne, doka ce kuma ta ɗora shi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowace gwamnati a ƙasar nan ba kowane yaro ilimi kyauta kuma dole, shekara 9, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare. Ba ta ware yaron da ke kwana a tasha ba. Dokar ta tanadi kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya, UBEC, jiha ta kawo nata kason ta ɗauki na Abuja. Ka fi ni sanin wannan, tunda shekara 12 ka yi a Majalisar Wakilai, daga 2011 zuwa 2023, kana wakiltar Chanchaga. Titunan nan naka ne, ka san kowane lungu.

Ba na raina aikinka. Duk wanda ke Minna ya ga yadda aka buɗe hanyoyi, ya ga taraktocin da suka sa ake kiranka Manomin Gwamna. Kana da zuciyar yin abu babba, kuma idan ka sa kai ba ka ja da baya. Shi ya sa abin ya fi yi mini zafi. A gefen sabuwar kwaltar nan yaran suke kwance. Fitilar da aka kafa tana haska su. Manomi ya san iri ba ya tsiro a kan kwalta, to yaya muke sa ran karatu ya zauna a kan yaron da ba shi da inda zai kwantar da haƙarƙarinsa?

Mun ga alkawura sun zo sun wuce. A 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai a Gagi da ke Sakkwato, aka gina irinta 157 a faɗin ƙasa, da yawa aka bar su suka lalace. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, ba a jima ba suka dawo. A Afrilun 2021 'yan gudun hijira daga Shiroro da Munya suka cika makarantar firamare ta IBB a nan Minna, aji ya zama ɗakin kwana na dole. A watan Mayu na shekarar aka sace ɗalibai sama da 100 daga Islamiyyar Tegina. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Duk wannan ya faru, kuma yau da asuba na sake tsallake yara a kwance a kan kwali. Har yaushe, Ranka ya daɗe? Har sai sun girma a titi, wani ya miƙa musu abin da ya fi robar bara nauyi? Waɗanda suka kore su daga ƙauyukansu ma da yawansu yara ne da ba su taɓa zama a aji ba. Idan muka ƙi gina musu ɗakin kwana yau, gobe kuɗin zai tafi ga sayen harsashi, kuma sunanka za a kira.

Roƙonmu ga shi. A ƙirga yaran da ke kwana a titunan Minna, da dare, ba a ofis ba. A zauna da alarammomi da masu unguwa, don a bambance almajirin da ke da malami da zaure da yaron da ba shi da kowa. A nemo iyayen waɗanda ke da iyaye. A ba mu jami'an tsaro da motar asibiti ranar tseren. Sama da duka, a ware gini, ko da ɗaya ne don farawa, kusa da makarantar firamare, mai tabarma da bargo da banɗaki da tukunyar abinci da amintaccen mai kula. Mu kuma mun ɗauki alkawarin duk kobon da gudunmu ya tara za mu karanta shi a bainar jama'a, mu zuba shi a riga da littafi da takalmi.

Kai uba ne, kana da 'ya'ya, ka san yadda zuciyarka ke yi idan ɗayansu ya yi zazzaɓi da dare. Don girman Allah ka fito ranar tseren. Ba sai ka gama kilomita 10 ba. Ka zo Dutsen Kura da ƙarfe 6 na safe, ba jiniya, kafin masu shago su buɗe, in kai ka barandar da yaron nan yake. Har yanzu yana tambayata yaushe zai koma aji, ni kuma na rasa abin da zan ce masa.

Allah ya taimaki Gwamna. Muna sauraron amsarka.

Naka,
Wani mazaunin Dutsen Kura, Minna.