SHARHI: Shekarar Farko Ita Ce Shaidar Mai Manhaja

JOS: A wannan birni, inda Hukumar Shirya Fina-finai ta Nijeriya take da hedikwata, an daɗe da sanin darajar haƙƙin mallaka. Yanzu kuma matasa da ƙananan kamfanoni sun shiga sana'ar rubuta manhajar kwamfuta suna sayar wa shaguna, makarantu da asibitoci. Sai dai da yawa daga cikinsu suna sakaci da layi guda da ke ƙasan aikinsu, wato alamar ©, da shekara, da sunan mai shi.

Asalin wannan layi shi ne yarjejeniyar da aka ƙulla a Janiba a 1952, wadda ta ce a rubuta shekarar da aka fara fitar da aiki. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Berne a 1993, wadda ba ta gindaya wannan sharaɗi ba. Dokar soja mai lamba 47 ta 1988, da dokar 2022 da ta maye gurbinta, duk sun ɗauki manhaja a matsayin rubutaccen aiki, kuma haƙƙi yana tabbata ko da ba a sa alama ba.

Duk da haka layin yana da amfani, domin shi ne shaida ta farko da mai saye, ko banki, ko lauya zai duba. Matsalar ita ce wasu sukan saita kwamfuta ta riƙa sauya shekarar da kanta duk watan Janairu, ta goge ta farko. A ɗauka kamfani ya fitar da manhaja a 2016, wani ya kwafe ta a 2019 ya sa sunansa. Idan ta asalin tana nuna 2025 kaɗai, to mai ita ya mayar da kansa ƙanen ɓarawonsa a idon duk wanda ya kwatanta takardun biyu.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. A bar shekarar farko daram. Idan an yi gyara na gaske a kowace shekara, a rubuta 2016–2025. Idan kuwa an yi shekaru ba a taɓa aikin ba, a jera shekarun da aka yi gyaran, kamar 2016, 2019, 2023. Ƙara shekarar da ba a yi komai a cikinta ba daidai yake da ƙara sifili a rasit, kuma ranar da aka gano hakan sauran bayanan kamfani ma za su shiga zargi.

Haka nan sabuwar shekara ba ta tsawaita wa'adin tsohon aiki. Masu fina-finai sun san cewa kariyarsu ta shekara 50 ce daga lokacin da aka fara fitar da fim, sabon bango kuwa ba ya sabunta lissafi.

Saboda haka ya kamata 'yan kasuwar da ke ba da kwangilar manhaja su tabbatar an rubuta a yarjejeniya sunan wanda zai mallaki aikin, su adana kwafin kowane fitowa da kwanan watansa, kana su yi rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. Rajistar ba tilas ba ce, amma tana ƙarfafa hujja idan magana ta kai gaban alƙali.