Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Karatun Ƙarfe a Garejojin Kakuri

A kusan kowane tsohon garejin babura da ke Kakuri, Makera ko Nasarawa, akwai wani daro ko rabin duro da aka tura lungu, cike da ƙarafan da baƙin mai da ƙura suka rine: fistan, bawul, kafireto, haƙoran giya, murafan inji. Yaron gareji na kallonsu a matsayin tarkacen da ke jiran ɗan gwangwan ya zo da sikelinsa. Maigidansa kuwa, idan ya haura shekara 60, yana iya tsoma hannu ya ɗauko guda, ya juya shi sau biyu, ya faɗi babur ɗin da ya fito daga cikinsa da zamanin da aka yi yayinsa. Tazarar da ke tsakanin waɗannan idanu biyu ilimi ce, kuma ilimin yana shirin bin masu shi kabari ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba.

Ba banza ba irin waɗannan ƙarafa suka taru a kudancin kogin Kaduna. Nan ne masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, sauran masaƙu irin su Arewa da UNTL suka biyo baya. Nan ne masana'antar kayan tsaro ta DICON da kamfanin harhaɗa motocin Peugeot suka kafu. Unguwannin ma'aikata ne, kuma abin hawan ma'aikaci, da zarar ya sauka daga keke, babur ne. Da aka biya ƙarin albashin Udoji a 1975, Honda Benly, Yamaha, Suzuki da Vespa suka yawaita a tituna. Daga baya tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabon babur ɗan Japan ya gagari talaka, sai aka koma lallaɓa na hannu. Masaƙun sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, amma injunan da ma'aikatansu suka saya sun rage a zauruka da bayan ɗakuna, wasu kuma har yau suna kai hatsi kasuwa a ƙauyukan Chikun da Kajuru.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, gane kayan tsohon inji ba baiwa ba ce, ba kuma canki-canka ba ne. Karatu ne, yana da baƙaƙensa da wasullansa.

Harafin farko shi ne lambar da aka buga a jikin tukunyar injin, galibi ta ɓangaren hagu daga ƙasa. A injunan Honda na da, lambar kan fara da sunan samfurin: C70E, CD175E, CG125E. Tanki da fenti suna iya yin ƙarya, domin babur ɗin da ya shekara 40 a hannun mutane da wuya a ce ba a taɓa yi masa dashe ba. Amma lambar da ke jikin ƙarfe ba ta sauyawa sai an kankare ta da gangan, kuma kankararriyar lamba ita kanta gargaɗi ce ga mai saye. Haka ma lambar da ke kan kwalin kayan gyara tana magana. Ta Honda gaɓa uku ce: gaɓar farko na faɗin ko mene ne abin, ta tsakiya na nuna samfurin da aka fara ƙera shi dominsa, ta ƙarshe na nuna gyare-gyaren da aka yi masa. Yamaha kuwa tana sanya alamar samfurin a farkon lamba. Wanda ya san wannan ba ya buƙatar rantsuwar mai shago.

Harafi na biyu siffa ce. Fistan ɗin injin da ke ƙona baƙin mai tare da fetur, irin su Yamaha YB100 da Suzuki A100, yana da ɗan ƙaramin tsinke a cikin ramin zobe, wanda ke hana zoben juyawa don kada bakinsa ya sarƙe a ƙofofin da ke jikin bulo. A samansa kuma akwai kibiya da ke kallon salansa. Fistan ɗin injin mai bawul ba shi da wannan tsinke, sai dai 'yan kwarmin da aka yi wa bawul wuri, da kuma alamar IN da Honda ke bugawa a gefen da iska ke shiga. Duk wanda ya juya ɗayansu baya gaba zai ji sakamakon da kunnensa. Kan inji ma yana faɗin danginsa: na Super Cub yana da zagayayyen murfi a gefe saboda sarƙar da ke juya sandar bawul a sama, na CG125 kuwa ba shi da sarƙa ko kaɗan, sandunan ƙarfe biyu ne ke tura bawul daga ƙasa. Kafireto shi ma yana ɗauke da sunan mahaifinsa, Keihin a yawancin Honda, Mikuni a yawancin Yamaha da Suzuki.

Harafi na uku, wanda ya fi muhimmanci kuma aka fi yi wa rikon sakainar kashi, shi ne awo. Fistan ɗin C50 faɗinsa milimita 39 ne, na C70 milimita 47, na CG125 milimita 56.5. Wannan bambanci ido na iya kama shi. Wanda ido ba ya kamawa shi ne na cikin gida ɗaya: duk lokacin da bulo ya cinye aka kai shi aka faɗaɗa cikinsa, dole a nemo fistan mai ƙarin girma, 0.25 ko 0.50 ko 0.75 ko 1.00, kuma wannan adadi ne ake bugawa a saman fistan. Rubu'in milimita bai fi kaurin 'yan silin gashi ba, amma shi ne tsakanin injin da zai ƙara shekaru yana aiki da wanda zai fara hayaƙi da shan mai kafin wata ya mutu.

A nan ne kalmar nan ta kasuwa, "ai duk ɗaya ne, zai shiga," ke yin ɓarna. Zai shiga ɗin, amma kama da wane ba wane ba ne. Yawancin baburan China da suka cika Arewa tun wajen shekarar 2000 an kwaikwayi injinsu ne daga CG125 ko daga Super Cub, shi ya sa kayansu ke kama da na asali kamar an tsaga kara. To amma akwai mai faɗin milimita 62 a cikin dangin CG, akwai kuma bambancin wuta: tsofaffin na amfani da kwantak da lantarki mai ƙarfin bolt 6, na baya suna da bolt 12 da akwatin wuta na zamani. Mai tsohon babur da aka haɗa wa kayan da ba nasa ba yana biya sau biyu, sannan ya tafi da imanin cewa babur ɗinsa ne ya ƙare, alhali jahilci ne ya kashe shi.

Mai karatu na iya cewa: ina ruwan wanda ke fama da tsadar fetur da tsohon ƙarfe? Ga Bajaj, ga Jincheng, ga masu lantarki sun fara shigowa; a bar abin da ya wuce ya wuce. Maganar tana da nauyi, domin ba kowane inji ne ya cancanci ceto ba, kuma masu ƙona baƙin mai suna da hayaƙin da birni ba ya buƙata. Sai dai ta manta abu biyu. Na ɗaya, tsohon injin bai mutu ba, sunansa kawai ya sauya. Honda ta fito da CG125 a 1975 musamman don ƙasashen da ba a cika kula da sauya baƙin mai a kan kari ba, Super Cub kuma da aka fara a 1958 ta haura guda miliyan 100 a 2017. Yaron da ya iya karanta uban, zai karanta 'ya'yan cikin sauƙi. Na biyu, tun da aka janye tallafin mai a 2023, kayan gyara na ƙwarai sun yi tsadar da ta sa abin da ke cikin daron nan ya zama jari. Fistan ɗan asali da aka sayar a kilo zai narke ya koma tukunya ko ludayi. Tukunya abin amfani ce, amma ba a ƙera wancan fistan kuma.

Maganin bai kai girman matsalar ba. Ma'aunin kalifa ɗaya a kowane gareji, da littafi guda da za a riƙa rubuta samfuri, lamba da awo, sun isa su fara. Ƙungiyoyin kanikawan babura na iya ɗora wa yaran da ke riƙe da waya aikin ɗaukar hoton kowane ƙarfe, a naɗi muryar maigida yana bayani da Hausa, kafin a zubar da komai. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, hedikwatarta a Kaduna take, kuma tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga waɗanda suka koyi sana'a a wajen aji. An ga yadda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta miƙa hannu ga masu sana'ar Panteka. Babu dalilin da zai hana wannan hannu ya ƙetare gada ya iso Kakuri da Sabon Tasha, a zaunar da dattawan gareji a matsayin malamai, ba abin kallo ba.

Kakuri ta riga ta ga yadda ƙwarewa ke salwanta: masaƙu sun rufe, masu sarrafa injunansu sun watse, abin da suka sani ya watse tare da su. Ɗan gwangwan yana zagayowa kowane mako, ba shi da laifi, nauyi yake saye. Alhakin sanin abin da bai kamata ya hau sikeli ba yana kan masu garejin ne, da waɗanda ya dace su tambaye su tun suna da bakin amsawa.