Kaftani ko ƙananan kaya: Wace riga ce ta dace da ranar intabiyu?

Ga matashin da ya gama hidimar ƙasa, samun saƙon gayyata zuwa intabiyu abin murna ne, amma yana zuwa da tambaya: me zai saka?

Amsar ta danganta da inda ya nema. A ma'aikatun gwamnati da makarantu a Arewa, kaftani mai tsafta da hula shiga ce ta mutunci. Bankuna da kamfanoni da yawa kuwa sun saba da shat mai dogon hannu da wando, galibi sai Juma'a ake ganin kayan gargajiya. Shi ya sa ya kamata mai nema ya leƙa wurin tun kafin ranar, ya ga shigar ma'aikatansa.

Sai batun aljihu. Tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, shadda a Kantin Kwari ta fi ƙarfin wanda bai fara ɗaukar albashi ba, ga kuɗin tela. Wannan ya ƙara tura matasa wurin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai.

Gwanjo ba abin kunya ba ne. Abin da masu tantancewa ke fara gani shi ne wanki da guga, da ko rigar ta zauna daidai a kafaɗa da wuya. Fara ko shuɗiya mai haske ta fi aminci. Idan ta Zoom za a yi, a guji mai ƙananan ratsi, domin tana rawa a kyamara.

Riga ba ta ba da aiki, amma yamutsattsiya tana iya rage maki tun kafin a yi sallama.