Iyafis marar igiya: Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

A watan Satumban 2016 ne kamfanin Apple ya fito da wayar iPhone 7 babu ramin soka iyafis, kuma a wannan ranar ya gabatar da AirPods, wasu 'yan na'urorin sauraro farare da ake maƙalawa a kunne ba tare da igiya ba, a kan Dala 159. An yi ta yi musu ba'a a lokacin. Wasu sun ce sun yi kama da kan buroshin goge baki, wasu kuma suka ce ba za su yi mako guda a hannun mutum ba za su ɓace.

Yanzu ba'ar ta wuce. Daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zuwa Banex Plaza a Abuja da Computer Village a Ikeja, da wuya a ga teburin mai sayar da kayan waya da babu irin wannan iyafis, tun daga na manyan kamfanoni har wanda ko sunan kirki babu a kwalinsa. Ɗalibi na da shi, direban A Daidaita Sahu na da shi, haka ma 'yar kasuwar da ke amsa kiran kwastoma hannunta na ɗaurin kaya.

Duk shekara sai an fito da sabon samfuri, kuma kowane kamfani na iƙirarin cewa buƙatar mai saye ya duba kafin ya ƙera. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ta cika ba. An saurari mai saye a kan abubuwan da za su sa ya zaro kuɗi a ranar farko. Abubuwan da ke damunsa bayan shekara ɗaya ko biyu kuwa, wato batir da gyara da lafiyar kunnensa, yawancin kamfanoni sun yi musu kunnen uwar shegu.

Inda koke ya yi amfani

Koken farko da aka sha ji shi ne faɗuwa. AirPods na farko girmansu ɗaya ne ga kowa, kuma robarsu mai tauri ce, alhali kunnuwan mutane sun bambanta. Hatta mutum ɗaya, kunnensa na dama ba lalle ya zo daidai da na hagu ba. Wanda abin ya zauna masa ya ji daɗi, wanda bai zauna masa ba kuwa da ya sunkuya sai ya zame.

A Japan matsalar ta kai har ga ma'aikatan jirgin ƙasa. Kamfanin JR East ya bayyana cewa daga Yuli zuwa Satumban 2020, an samu faɗuwar iyafis a kan layin dogo kimanin sau 950 a tashoshi 78 na yankin Tokyo. Sai da ta kai aka haɗa hannu da kamfanin Panasonic wajen ƙera wata na'ura mai zuƙa, domin zaƙulo su daga cikin tsakuwar layin.

Irin wannan koke ya sauya fasalin na'urar. A 2019 Apple ya fito da AirPods Pro da robar baki mai laushi girma uku, a 2022 ya ƙara na huɗu saboda masu ƙananan kunnuwa. Ya kuma sauya yadda ake amsa kira ko tsayar da sauti, daga ƙwanƙwasa na'urar tana cikin kunne zuwa matsa wutsiyarta da yatsu biyu. Kamfanin Sony ya lura da masu son jin abin da ke faruwa a gefensu, sai ya fito da LinkBuds a 2022, mai rami a tsakiya kamar zobe. Kamfanoni da dama kuma sun ƙara hanyar gano inda iyafis ya faɗi ta cikin waya.

Wanda ya yi sake ma ya gani a ƙwaryarsa. A watan Yulin 2024 kamfanin Samsung ya dakatar da rarraba Galaxy Buds3 Pro na ɗan lokaci, bayan waɗanda suka fara saye sun yi ta nuna yadda robar bakin ke yagewa idan an zo cire ta. 'Yar robar da ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa ba ta tsayar da cinikin babban kamfani. Wannan ya nuna cewa idan koke ya taɓa aljihun kamfani, gyara ba ya ɗaukar lokaci.

Batir: inda aka toshe kunne

Abin tambaya shi ne me ya sa ba a yi irin wannan hanzari a kan batir ba. A cikin kowane ɓangare na iyafis akwai ɗan ƙaramin batirin litiyam, kuma ɗabi'ar irin wannan batir ce ƙarfinsa ya riƙa raguwa da yawan caji. Zafi na ƙara saurin lalacewarsa. Iyafis ɗin da ke yin awa biyar yana sabo, bayan shekara biyu ko uku sai a ga ɓangare ɗaya na mutuwa ana tsakiyar kira, alhali lasifika da makirfo lafiyarsu ƙalau.

Idan waya ce sai a kai wa mai gyara ya sauya batir. Amma yawancin iyafis an manne su ne da gam, ta yadda ba a buɗe su sai an fasa. Kamfanin iFixit na Amurka, wanda ya shahara wajen warware na'urori domin auna sauƙin gyaransu, ya bai wa AirPods maki sifili cikin goma. Ma'ana, abin da aka saya da tsada ƙarshensa bola ne saboda batirin da bai taka kara ya karya ba.

An daɗe ana kafa hujja da cewa na'urar ta yi ƙanƙanta, ba yadda za a yi a sa mata batirin da ake cirewa. Kamfanin Fairphone na ƙasar Holand ya rushe wannan hujja a 2024, lokacin da ya fito da Fairbuds. Mai shi na iya sauya batirin kowane ɓangare da na akwatin cajin da kansa, kuma iFixit ya ba shi maki goma cikin goma. Ashe ba gazawar fasaha ba ce, zaɓi ne. Kamfanin da ke cin riba idan aka dawo sayen sabo ba shi da gaggawar tsawaita ran tsohon.

Tarayyar Turai ta fahimci haka, shi ya sa ta koma ga doka. Tun daga ƙarshen Disamban 2024 ta wajabta caja iri ɗaya ta USB-C ga ƙananan na'urori, har da iyafis. Dokarta ta batura ta 2023 kuma ta tanadi cewa daga Fabrairun 2027, in ban da wasu kayayyaki da aka keɓe, dole batirin na'urorin hannu ya zama wanda mai shi zai iya cirewa ya sauya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Kunnen da ba shi da kayan gyara

Asarar kuɗi ana mayar da ita, amma jin da ya tafi ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. A ma'auninta, babban mutum na iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba. Idan ya kai desibel 90 sai lokacin ya koma awa huɗu, a desibel 100 kuwa minti 20 ne kacal.

Nan ma ƙira na da hannu. Mutum ba ya ƙure sauti don ganin dama, yakan ƙure ne saboda ƙarar janareto ko hayaniyar titi ta danne abin da yake saurare. Iyafis ɗin da ya zauna daram a kunne, ko mai fasahar rage hayaniya, na ba shi damar ji sosai ba tare da ya ƙara ba. Tun 2019 hukumar lafiyar da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar da ƙa'idar cewa na'urorin sauraro su riƙa lissafa yawan sautin da ya shiga kunne, su kuma gargaɗi mai shi. Wannan bai kamata ya zama gatan masu sayen na tsada kaɗai ba.

An kuma ga inda abin zai iya kaiwa idan aka sa lafiya a gaba. A watan Satumban 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da AirPods Pro 2 a matsayin na'urar taimaka wa manya masu ƙaramin rauni ko matsakaicin rauni na ji.

Wane mai saye ake nufi?

Idan kamfani ya ce ya saurari mai saye, ya dace a tambaye shi na wace ƙasa. Kasuwar waya a Afirka ta riga ta ba da darasi a kan haka. Kamfanin Transsion na China, mai Tecno da Infinix da itel, ya mamaye kasuwar ne saboda ya lura da abin da manya suka raina: layi biyu a waya ɗaya, batir mai daɗewa, kyamarar da ke fito da baƙar fata da kyau, da cibiyoyin gyara na Carlcare. Reshensa na kayan waya, Oraimo, ya bi sahu har ya haɗa hannu da mawaƙi 2Baba wajen daidaita sautin iyafis ɗinsa na FreePods.

Sai dai daɗin kiɗa ɓangare ɗaya ne. Mai saye a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi na rayuwa ne inda zafin bazara ke haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙurar da ke toshe ragar lasifika. Alamar IPX4 da ake gani a kwalaye na nufin na'urar na jure gumi da fantsamar ruwa, amma harafin X ɗin na nuna ba a ba ta matsayi a kan ƙura ba. Wanda aka rubuta wa IP54 ko IP55 shi ne aka auna da ƙura.

Mutane da yawa a nan magana suka fi saurare: labarai, karatun malamai, saƙon murya na WhatsApp da kiran ciniki. Abin da suke buƙata shi ne makirfon da zai ɗauki murya a tsakiyar kasuwa, ba dukan ganga mai girgiza kai ba. Akwai kuma rediyo. A wayoyi da dama igiyar iyafis ce ke zama eriyar FM, don haka wanda ya koma marar igiya ya rasa rediyon kyauta, sai dai ya ƙona data. Ga matsalar wuta, wadda ta sa akwatin caji mai ɗaukar kwanaki ya fi duk wani ado muhimmanci. Ga takardar bayani da ba a rubuta ta da harshen mai saye ba. Uwa uba, idan ɓangare ɗaya ya ɓace, a mafi yawan samfuran masu araha babu inda za a sayi guda ɗaya, sai dai a sake sayen duka.

Abin da ya kamata a yi

Kamfanonin da ke cin kasuwar Afirka su ne ya kamata su fara. Su kai samfurinsu gwaji inda za a yi amfani da shi, a tasha da kasuwa da kan babur, kafin su buga kwali. Su tambayi masu gyaran waya abin da aka fi kawo musu, domin su ne ke ganin na'ura a ranar da ta mutu. Su sayar da robar baki da akwatin caji da ɓangare guda daban-daban, su kuma rubuta a fili tsawon lokacin da batir zai yi kafin ya fara rauni.

Hukumomi ma na da aiki. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC na da hurumin bin diddigin jabun da ke ɗauke da tambarin manyan kamfanoni, da kuma garantin da ke ƙarewa da zarar mai saye ya bar bakin shago. Idan dokar Turai ta fara aiki, akwai fargabar samfuran da ba za su shiga can ba su kwararo kasuwannin da ba su da irin wannan shinge. Gara a shirya tun kafin lokacin.

Shi kuma mai saye, tambayoyinsa ne makaminsa. Ya tambayi wata nawa garantin zai yi kuma ina ake kai ƙorafi, ya karɓi rasit, ya gwada kira a wurin kafin ya biya, ya duba ko akwai robar baki fiye da girma ɗaya. Idan abin ya lalace kafin lokaci ya koma ya faɗa, ya kuma faɗa wa wasu. Koke ne ya sa aka sauya siffar iyafis, shi ne ya tsayar da kayan Samsung a 2024. Batir da gyara da lafiyar kunne ma ba za su samu kulawa ba sai ranar da masu saye suka fara barin kaya a kan tebur saboda su.